An tambaye ni halin ƙanena, na ce ban san shi da komai ba sai alheri

Mai kula da zaure: Assalamu alaikum. Wani ɗan zauren nan ya turo mini saƙo, ya roƙi in saka ba tare da sunansa ba. Na cire sunan unguwa da sana'ar wanda ake magana a kansa. A ba shi shawara don Allah, ban da zagi. Ga abin da ya ce:

"Kwana huɗu ke nan barci ya gagare ni. Ina da ƙane, ɗan baffana ne, gida ɗaya muka tashi, tabarma ɗaya muka kwana. Mahaifina ya rasu ina aji uku a firamare. Baffa ne ya riƙe ni da Inna, shi ya biya mini kuɗin makaranta har na gama, shi ya yi mini aure. Ban taɓa ganin ya bambanta ni da 'ya'yan cikinsa ba.

Ƙanen nan nawa ya faɗa shaye-shaye a shekarun baya. Da maganin tari ya fara, daga baya ya koma ƙwaya. Baffa ya yi masa aure ko zai natsu, auren bai kai shekara biyu ba. Ya sha dukanta. Daren ƙarshe ni na ɗauke ta na kai ta asibiti da karyayyen hannu, muka ce wa likita santsi ne ya kwashe ta a bayi. Iyayenta suka karɓi takardarta, suka ce sun bar mu da Allah. Bayan nan muka kai shi asibitin masu taɓin hankali da ke Kware, ya yi kusan wata uku. Dangi na nesa aka ce musu ya tafi Kwatano neman kuɗi.

Yau shekara ɗaya da wata bakwai ban ga ya sha komai ba. Yana salla cikin jam'i, yana sana'arsa, har ya yi ƙiba. Ya samu yarinya a wata unguwa, an kai gaisuwa, an sa rana sati biyu bayan ƙaramar Salla. Ran Juma'ar da ta wuce, da aka sauko daga masallaci, kawun yarinyar ya tare ni. Dattijo ne da muke mutunci a kasuwa. Ya riƙe hannuna ya ce, 'Don Allah don Annabi ka gaya mini gaskiya, yaya halin yaron nan? Marainiya ce, amana ce a hannuna.' Ya tambayi abin da ya raba shi da matarsa ta fari, na ce zama ne ya ƙare. Na ce ban san shi da komai ba sai alheri. Ya ce alhamdu lillahi, tunda kai ka faɗa an gama.

Wannan 'tunda kai ka faɗa' ita ta hana ni sakat. Na gaya wa Inna, ta ce in na kuskura na buɗe baki ba ta yafe mini ba, da wane ido za ta dubi Baffa. Matata kuma ta ce, in da 'yarmu ce fa? In koma wurin dattijon nan, ko in yi shiru in bi su da addu'a?"

Bello Mai Albasa: Kai ɗan'uwa, mi kaka so ka jawo ma kanka? Yaro ya tuba, ya bar abin nan, Allah ya ruhe mai asiri, kai kuma ka zaka ka tone? Ciki ba don tuwo ɗai anka yi shi ba. Ka riga ka ba da amsa, magana ta ƙare. Baffanka da yar riƙe ka tun kana ƙarami, wanga shi na sakayyar da za ka yi mai?

Maman Khairat: Malam Bello, a wurinku maza ne magana ta ƙare. A wurin yarinyar yanzu za a fara. Karyayyen hannu fa aka ce, ba mari ba. Kuma ku lura, sau biyu ke nan bawan Allahn nan yana ƙarya saboda ƙanensa. Ya yi wa likita, ya yi wa kawu. Ta farko an yi ta bayan an karya hannun, ta biyu tun kafin a karya.

Ɗan Mabera: Ni dai darasin da na ɗauka yau, in an ce maka wane ya tafi Kwatano neman kuɗi, ka tambaya a wace tasha ya shiga mota.

Saratu: Ɗan Mabera ka ji tsoron Allah, mutum na cikin damuwa kana raha.

Ɗan Mabera: Tuba nake, Yaya Saratu.

Malam Attahiru: Wa alaikumus salam. Mai tambaya, rashin barcin nan naka alheri ne, da zuciyar ta mutu da ka yi minshari.

Abubuwa biyu ake cakuɗawa a nan. Akwai yawo da aibin mutum a majalisa don jin daɗin hira, wannan shi ne gibar da aya ta 12 ta Suratul Hujurati ta kamanta da cin naman ɗan'uwa matacce. Akwai kuma wanda aka zo aka nemi shawararsa kan aure. Wannan hukuncinsa daban, kuma ba ra'ayina ba ne. A Sahihu Muslim, Faɗimatu bintu Ƙaisin ta je wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta ce Mu'awiya da Abu Jahmin suna neman aurenta. Ya ce mata Mu'awiya talaka ne ba shi da dukiya, Abu Jahmin kuwa ba ya sauke sandarsa daga kafaɗa. A wata ruwayar an faɗa ƙarara cewa mai yawan dukan mata ne. Sai ya nuna mata Usama ɗan Zaidu. Sahabbai ne fa duka biyun, ba a wurin suke ba, amma aka faɗi abin da ya shafi zamanta da su. Shi ya sa Imamu Nawawi, da ya lissafa wurare shida da ambaton aibin mutum ya halatta, ya sa wannan a ciki.

Sharaɗi dai, a faɗi gwargwadon buƙata, da niyyar nasiha, ga wanda abin ya shafa kaɗai. Kuma a faɗi alherin tare da sharrin. Shekara ɗaya da wata bakwai ɗin nan ma gaskiya ce, haƙƙin yaron ne a ambace ta.

Mu'azu Runjin Sambo: Allah ya gafarta Malam, ina da ja kaɗan, neman sani nake. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik, cikin littafin aure, wani ya nemi auren 'yar'uwar wani, sai ɗan'uwan ya gaya masa ta taɓa yin abin kunya. Da labari ya kai ga Sayyidina Umar, ya doke shi ko ya kusa dukansa, ya ce ina ruwanka da ba da labarin? To wannan fa? Shi ma ɗan'uwa ne, shi ma maganar aure ce, shi ma gaskiya ya faɗa. Ga kuma hadisin da duk muka haddace a Islamiyya, wanda ya suturta Musulmi Allah zai suturta shi duniya da lahira. In duk wanda ya tuba za a riƙa bin sa da tsohon laifi, ina amfanin tubar?

Malam Attahiru: Madalla da wannan ja, Malam Mu'azu, don ruwayar tana nan kamar yadda ka kawo ta. Amma dubi bambancin. Waccan baiwar Allah zunubi ta yi tsakaninta da Ubangijinta, ya wuce, ba abin da zai faɗo wa mijin a ka gobe. Da a ce ƙanen mai tambaya ya taɓa neman mata ne a samartaka ya tuba, ni zan fara cewa a rufe baki. Nan kuwa ana maganar ciwo mai iya dawowa, da hannu mai iya sake tashi, kuma wadda zai sauka a kanta ba ta san komai ba. Sutura ba ta zama sutura in da fatar wani aka ɗinka ta.

Sannan mai tambaya ba shiru ya yi ba. Da ya ce "ni ɗan'uwansa ne, ku tambayi wasu," da da sauƙi. "Zama ne ya ƙare" ma a iya yi mata uzuri. Amma "ban san shi da komai ba sai alheri", bayan an haɗa shi da Allah, shaida ce ya bayar, kuma ya san ba haka ba ne.

Mu'azu Runjin Sambo: Na gamsu da rabin maganar. Rabin da ya rage, wa zai auna cewa ciwon zai dawo? Gaibu ne.

Kulu: Malam Mu'azu bari in ba ka amsa da abin da na gani da idona.

Ina da shekara 19 aka yi mini aure. Babana ya yi bincike iyakar ƙoƙarinsa, ya tambayi limamin unguwarsu, ya tambayi abokansa biyu, kowa ya ce yaron kirki. Kwana tara da tarewa ina shara na jawo buhu a ƙarƙashin gado, cike da kwalaben maganin tari. Ban ma san mene ne ba, na ɗauka mura ke damunsa, har na dafa masa citta da kanumfari. Shekara huɗu na yi a gidan. Ba zan faɗi abin da na gani ba, akwai yara a tsakani. Da na kai ƙara, aka ce in kawo shaidun cutarwa. Maƙwabtan da suke jin kukana kullum, kowa ya ce ba ya shiga tsakanin miji da mata. Ƙarshenta hul'i aka yi, na sayar da keken ɗinkina na mayar masa da sadakinsa.

Duk wannan bai ƙona mini rai ba kamar abin da ɗaya daga cikin abokan nan ya gaya wa yayana daga baya. Wai ai sun san yana sha, sun ɗauka aure zai gyara shi. An mai da ni magani ba a tambaye ni ba.

Wataƙila da an gaya mini da na aure shi duk da haka, don ina son sa a lokacin. Amma da na shiga da idona biyu.

Saratu: Allahu akbar. Allah ya saka miki, Kulu.

Maman Khairat: To ga gaibun nan, Malam Mu'azu, ya zo da ƙafarsa.

Mu'azu Runjin Sambo: Allah ya ba ki ladan haƙuri, baiwar Allah. Amma naki yana cikin sha aka ɓoye. Wannan ya daina. Ba ɗaya ba ne, kar zafin labari ya sa mu zalunci yaron mutane.

Ladan: Kulu ta taɓo wani abu da ya kamata kawun yarinyar ya sani, da duk mai ba da 'ya. Shiga aure minti biyar ne a ƙofar masallaci, goro da alawa, an shafa fatiha. Fita ce aiki. Aibobin da Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, ta ambata ana mayar da aure saboda su sanannu ne: hauka, kuturta, albaras, da ciwon gaba. Ban da su, mace in tana son rabuwa sai ta tabbatar wa alƙali da cutarwa, ko ta fanshi kanta. Mazhabarmu ta Malikiyya ta ba ta damar a raba auren saboda cutarwa, amma sai da hujja, kuma kun ji yadda shaidu ke zamewa. Marainiya kuma, wa zai yi ta zarya kotu da ita? Kalma ɗaya da za a faɗa yau ta fi sauƙi a kan shekarun da za a yi ana neman mafita.

Bello Mai Albasa: Dut na ji. Amma ku ba ni amsa guda. In ya tahi ya faɗi, anka fasa armen, yaro yaj ji duniya ta ƙi shi, yak koma ma ƙwaya, wa ad da alhaki? Ku da kuka rubutu nan kuna kwance gidajenku. Shi za a bari da gawa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yas.

Maman Khairat: In fasa aure kaɗai zai mayar da shi ga ƙwaya, to ranar da jariri ya kwana yana kuka, ga kuɗin haya, ga babu cefane, me zai faru? Kuma wa ke kusa da hannunsa a ranar?

Bello Mai Albasa: Hajiya ke dai ba ki da sassauci.

Maman Khairat: Ina da 'ya'ya mata uku, Malam Bello. Sassaucin ya ƙare a kansu.

Abdul Arkilla: Kai, kamar na gane gidan nan. Ba su ne waɗanda ke kusa da

Mai kula da zaure: Abdul, na goge sauran rubutunka, kuma wannan ne gargaɗi na farko da na ƙarshe. Duk wanda ya sake ƙoƙarin gano ko su wane ne, ko ya ɗauki hoton hirar nan ya kai wani zaure, zan fitar da shi. Muna tattauna ko ya halatta a gaya wa mutum ɗaya, kai kana so ka gaya wa mutum ɗari huɗu.

Wani ɗan zaure kuma ya turo wannan, shi ma ya ce a sakaya sunansa:

"Ni na yi Kware. Ina karanta maganganunku hannuna na rawa. Ku da ba ku taɓa shiga ba, ba ku san yadda sunan garin nan kaɗai yake kashe mutum a Sakkwato ba. Asibiti ne kamar kowane, likitoci ne da ma'aikatan jinya, sun taimake ni. Amma da zarar an ce an taɓa kai ka, ko bashin naira dubu ba mai ba ka. Ka yi dariya da ƙarfi a ce abin ya motsa.

Na daina sha, na nemi aure sau uku. Na farko saura wata ɗaya wani ya je ya faɗa, aka dawo da kaya. Malam Bello bai yi ƙarya ba, a satin na koma sha, sai da na sake wata huɗu kafin na miƙe. Na biyu ma haka aka fasa, amma ban koma ba. Na uku, ranar da na fara zuwa gaishe da mahaifinta na ce, Baba akwai abin da nake so ka ji daga bakina kafin ka ji a bakin wani. Na faɗa masa komai. Ya yi shiru, ya ce in ba shi wata shida. Ashe duk wata shidan nan yana sa ana lura da ni. Yau shekararmu huɗu, 'ya'ya biyu. Ita ke tuna mini ranar komawa ganin likita.

Abin da ya fi ciwo a na farkon ba fasawar ba ce, a'a, ji da na yi an yi maganata a bayan idona kamar wata dabbar da ake duba haƙoranta a kara. Don haka roƙona ga mai tambaya, kar ka fara da kawu. Fara da ƙanenka. Ka ba shi dama ya faɗa da bakinsa. Amma ni ban taɓa dukan mace ba, wannan ɓangaren ba zan iya yi masa shaida ba."

Mu'azu Runjin Sambo: Wannan bawan Allah ya fi mu duka hujja.

Balkisu Nas: Ni ma'aikaciyar jinya ce, bari in ƙara abin da na sani ta fuskar aiki. Abin nan ya fi yawan da muke zato. Binciken da aka yi a ƙasar nan a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya nuna kusan mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. Don haka ba gidan da zai bugi ƙirji. A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan rahoton BBC, sai da yawa suka koma tramol, irin mai lamba 225 ɗin nan, alhali wanda aka yarda a ba marar lafiya 50 ne ko 100. Labarin ƙanen mai tambaya ke nan daidai.

Shekara ɗaya da wata bakwai ba wasa ba ce, a yaba masa. Amma ciwo ne mai iya dawowa, musamman lokacin matsi, kuma sabon aure matsi ne ko da na farin ciki ne. Masu cewa a yi masa gwajin fitsari a huta, gwajin kwanakin baya kaɗan yake nunawa, ba ya faɗin gobe. Abin da ke riƙe mutum shi ne na kusa da shi su sani. Matar da ba ta sani ba, za ta ga ya daina barci, ya fara ɓoye waya, tsofaffin abokai sun dawo, ba za ta gane komai ba sai abu ya lalace. Ɓoye mata ɗin nan, shi ma cutar da shi ne.

Duka kuwa, kar a jingina shi duka ga ƙwaya. Na ga masu sha da ba su taɓa ɗaga wa mace hannu ba, ga misali nan sama. Na ga masu duka da ko sigari ba sa sha. Mai tambaya, kafin ya fara sha, yaya zuciyarsa take?

Hajiya Ige: Jikata ka rubuta min, ni ban iya latse-latsen nan ba. Ni laihin kawun nan nika gani da farko. Wa yat taɓa tambayar wa halin ƙanenai? Mi zai ce? Zamaninmu in za a ba da ɗiya, tsohuwa aka aikawa, ta shiga maƙwabta awa ta zaka gaisuwa, ta zamna da matan gida, ta ji wurin mai niƙa, ta ji wurin mai kitso. In mutum ya taɓa arme, gidan matar da yas saki aka fara zuwa. Maza ba su san mi ka faruwa cikin ɗaka ba, sahun masallaci ɗai suka gani.

Kai kuma ɗana mai tambaya, kar ka riƙe uwarka da zuciya. Ba mugunta ta ba, tsoro na. Macen da mijinta yam mutu, ƙanen miji yar ruhe mata asiri shekara da shekaru, kullum ganin takai bashi na bisa kanta. Ka lallashe ta. Amma marainiyar ga ita ma ɗiyar wata ta, kuma kai maraya na, ka san ɗacin abin.

Saratu: Hajiya Allah ya ƙara girma. Maganar zuwa gidan tsohuwar matar nan ita ce ba wanda ya kawo tun ɗazu.

Malam Attahiru: Hajiya ta yi gaskiya a kan Inna. A bi ta da ladabi, ba ɗaga murya. Amma aya ta 135 ta Suratun Nisa'i ta riga ta yanke: a tsayu da adalci, a yi shaida don Allah, ko da a kan kai ne ko iyaye ko dangi na kusa. Fushin uwa a kan abin da Allah ya wajabta ba ya kama ɗa, sai dai yana da zafi, wannan ba mai musu.

Mai kula da zaure: Mai tambaya ya dawo da amsa:

"Na karanta duka, wasu sau uku. Malama Balkisu, tambayarki ta kama ni. Tun muna yara yana da zuciya, ya taɓa fasa wa ƙanwarmu baki a kan rake. Ƙwaya ta ƙara abin ne, ba ita ta kawo shi ba. Tun da ya dawo ban ga ya yi faɗa da kowa ba, amma ba mace a gidansa balle in sani. Yarinyar ta san ya taɓa aure, iyakar abin da ta sani ke nan.

Akwai abin da ban faɗa ba da farko. Ba Baffa kaɗai nake ji ba, har da kaina. In na koma, dattijon nan zai san na yi masa ƙarya ina riƙe da hannunsa, kuma a kasuwa da mutunci muke ci. Sannan maganar Maman Khairat ta tuna mini, tun daren asibitin nan ban taɓa zuwa na nemi gafarar yarinyar can ba. Ni na ce mata ta ce santsi ne. Zan fara da ƙanena kamar yadda ɗan'uwan nan ya ce. Ku sa ni a addu'a."

Bello Mai Albasa: Allah shi sa a dace. Ni dai har yanzu gabana na faɗuwa.

Kulu: In an kai ga faɗa, don Allah a tabbata ita yarinyar ta ji, ba kawu kaɗai ba. A hadisin da Malam ya kawo, ita matar aka gaya wa.

Mai kula da zaure: Jama'a, kwana tara ke nan da maganar nan, masu tambayata ta bayan fage ga saƙonsa na yau:

"Na same shi da dare bayan isha'i. Ya yi kuka, daga baya ya fusata, ya ce 'Yaya, har da kai?' Na ce na ba shi zuwa Juma'a ya je da kansa, zan raka shi, zan faɗi duk alherin da na gani a wata goma sha taran nan. Ya ce in ya faɗa ba za su ba shi ba. Juma'a ta zo bai je ba, ya kashe waya.

Ran Asabar na je ni kaɗai. Na ce wa dattijon na zo janye shaidata, ya ƙara bincike. Ya ce ba zai sake ni ba sai na faɗa. Na faɗa, har hannun, har Kware, har sallar jam'in da sana'ar. Ya daɗe yana kallon ƙasa. Abin da ya fara cewa shi ne, 'Ranar nan da ka riƙe hannuna fa?' Ban sami amsa ba. Bai ce ya fasa ba. Ya ce ya ɗaga ranar zuwa bayan babbar Salla, zai tura matarsa gidan tsohuwar matar, zai zaunar da yarinyar ya gaya mata, kuma yana son yaron ya zo da ƙafarsa.

Inna kwana uku ba ta amsa gaisuwata ba. Baffa bai ce mini komai ba. Buhun gero da katan ɗin sukari da nake kai masa duk gabanin azumi, jiya da yamma aka dawo mini da su a Keke Napep. Ƙanena kuma yau kwana biyu bai fita wurin sana'arsa ba."

Maman Khairat: Inna lillahi. Allah ya sassauta. Geron nan ka sake mayarwa, ka kai da kanka, ko sau nawa za a dawo da shi.

Bello Mai Albasa: Kun gani ko? Ba ni cewa komi. Amma a bar maganar gero, a nemo yaron tukuna.

Mai kula da zaure: Ɗan'uwan nan da ya ba mu labarinsa ya ce in ba mai tambaya lambarsa yanzu. Ya ce ya san irin kwana biyun nan, kar a bar ƙanen shi kaɗai a ɗaki, kuma in yaron ya yarda zai zo su zauna ko ƙarfe nawa ne. Na tura.

Mai tambaya ya ce ya karɓa, ya hau babur ya nufi gidan.